Shinkafar da ke rage fitar da iskar metan: a kawo mu gani a fadamarmu

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Na ji bayanin da aka yi a shirinku na noma kan sabon irin shinkafa mai rage iskar metan, shi ne na ce bari nima in tofa albarkacin bakina, don ni a Jos nake zaune amma duk damina ina gangarawa Shendam gonar yayana.

Duk wanda ya taɓa dashe ya san abin nan, kana luma ƙafa a taɓo sai ka ga kumfa na tasowa ɓul-ɓul ta gefen ƙafarka, muna yara wasa muke da shi wallahi, ashe yawanci metan ce, irin iskar CNG ɗin nan da ake ɗura wa motoci yanzu. Idan ruwa ya kwanta ya rufe ƙasa iska ba ta shiga, sai wasu ƙananan halittu su yi ta cin abin da saiwar shinkafa ke tsatsowa suna fitar da metan ɗin, kuma wajen ɗumama duniya ta ninka hayaƙin kabon sau 80 a cikin shekara 20.

To masu bincike na jami'ar noma ta Suwidin da abokan aikinsu na Chaina sun gano cewa saiwar da ke fitar da sinadarin fumaret kaɗan, itanol da yawa, ba ta ciyar da halittun nan sosai. Suka yi auren iri, a 2025 suka ce sun samu wadda ta rage iskar da kusan kashi 70 cikin 100 kuma ta ba da fiye da tan 8 a hekta. Wannan ba GMO ba ce, wato irin da aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin bincike, tasu ta 2015 mai suna SUSIBA2 ita ce aka sa wa ƙwayar halittar sha'ir, dan Allah a daina haɗa su.

Amma gaskiya Malam, yayana ba ruwansa da wata iska. Buhu nawa za ta yi, kwana nawa take nuna, tana karyewa a inji ko a'a, mata masu turara shinkafa za su saya? Abin da ya sa ya riƙe irin shinkafar Faro 44, Sipi ɗinmu, kenan. Bara wani dila ya sayar masa da iri wai ingantacce, da ta fito wata ta nuna wata ko ciki ba ta yi ba, tun daga nan ko me ka kawo masa sai ya ce gani ya kori ji. Kuma a Chaina aka gwada wannan sabuwar shinkafar, ƙasarsu daban, ruwansu daban.

Shi ya sa nake roƙo ku gayyato mutanen cibiyar binciken hatsi ta Badeggi su zo shirin, mu ji ko za a iya aura wa Faro wannan hali a gwada a Shendam ko Wase. Su kuma yi mana bayanin dabarar nan ta barin gona ta tsane kwana biyu kafin a sake ba ta ruwa, an ce ita ma tana rage iskar, ga sauƙin fetur ɗin injin ban ruwa ga masu noman rani.

Naka mai sauraro,
daga Unguwar Rogo, Jos.