Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Rairayi da Danƙo Suke Tunawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa malaman fizik na wannan ƙungiya tamu ta Maradi. Ga bayanin aikin da muka yi a shekarar karatun da ta ƙare.

A zamanmu na farko bayan an koma makaranta muka tsai da shawarar mu riƙe magana guda har ƙarshen shekara, wato yadda abubuwan da cikinsu ba shi da tsari suke adana labarin abin da aka yi musu. Gishiri ƙwayoyin zarra da ke cikinsa a jere suke, sahu-sahu. Rairayi da danƙo da gilashi kuwa a hargitse suke, yanayin da za su iya zama a ciki ba ya ƙirguwa, kuma wanda suka maƙale a ciki ya danganta da matsawa ko ja ko girgizar da suka sha a baya. Kan irin wannan hargitsi ne Giorgio Parisi na Italiya ya samu rabonsa na kyautar Nobel a 2021.

Gwajin danƙo ne ya fi yin albarka, kuma shi na fi so ku riƙe. Mun yanko sabuwar roba siririya, muka rataye ta a ƙusa jikin allo, muna ƙara mata nauyi kaɗan-kaɗan, wata ɗaliba tana zana alli duk inda bakin robar ya tsaya. Da muka sauke nauyin muka sake farawa, sai robar ta riƙa wuce zanen farko cikin sauƙi, ta yi laushi. Amma tana isa iyakar da aka ja ta a karon farko, sai taurinta ya dawo kamar sabuwa. Yarinyar ta tsaya da allin a hannu ta ce, "Malam, ta san inda muka tsaya!" Haka ne kuwa. Wannan ɗabi'a tana ɗauke da sunan Leonard Mullins, wanda ya yi nazarinta a Ingila a shekarun 1940. Joseph Kaiser ya ga makamancinta a Jamus a 1950: ƙarfen da aka taɓa ɗora wa nauyi ba ya sake fitar da ƴar ƙararsa ta ciki sai an zarce nauyin baya. Makarantu huɗu suka maimaita gwajin robar, duka ya fito.

Na tiyar hatsi bai ɗauke mu lokaci ba, don kowane yaro ya ga mai awo yana bubbuga kwano a kasuwa. Hatsin yana sauka da sauri da farko, daga nan sai a hankali ƙwarai.

Inda muka sha wuya shi ne tulin rairayi. A 1999 wani masanin fizik mai suna Vanel da abokan aikinsa sun nuna cewa tulin da aka zuba ta mazurari, nauyinsa a ƙarƙashin tsakiya bai kai na kewayen tsakiyar ba, alhali wanda aka yayyafa ta rariya ba ya nuna wannan ragi. Ga ido tuli biyun iri ɗaya ne, amma kowanne yana riƙe da yadda aka zuba shi. Mun ɗebo rairayi daga Gulbin Maradi, muka shanya, muka tankaɗe, kafinta ya huda mana faranti na katako. Sikelinmu ne ya kasa, lambobinsa suna ta rawa. Sau uku muna gwadawa. Ban yarda mu gaya wa yara an ga abin da ba a gani ba, shi ya sa muka cire gwajin daga baje kolin ƙarshen shekara.

Batun asusu, ma'aji zai karanta dalla-dalla ranar taro. Kuɗin wata-wata ya ishe mu roba da katako da buga takardu, bai kai ga sikeli mai kyau ba. Masu bashin watanni, don Allah a cika kafin babban hutu.

A shekara mai zuwa za mu nemi sashen kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ba mu aron ma'auni na yini guda don mu sake gwajin tulin. Muna kuma neman mutum biyu da za su rubuta darasin robar da Hausa, shafi ɗaya, saboda malaman ƙauye. Mai so ya ba da sunansa ga sakatare.