A koya wa yaranmu tarihin fim a jami'a

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ɗan yayata ne ya ce zai karanci fim a jami'a, nan da nan dangi suka hau shi wai rawa da waƙa zai je koyo, wallahi abin ya min ciwo shi ya sa na rubuto.

Fim fa yana da yarensa. Inda aka kafa kyamara, kusa da fuska ko can nesa, yadda aka yanka wannan hoto aka haɗa da wancan, haske, har shirun da ake yi duk magana ce, kuma ba a iya ta sai an zauna an koya. Shi ya sa za ka ga wasu finafinanmu mutum biyu a falo suna ta surutu minti goma kyamara ko motsi.

Ga tarihi kuma, tun 1895 aka fara haska wa jama'a fim a Faris, mu nan kakanninmu sun ga majigin Turawa a ƙofar fada, sannan sinimomin Kano da finafinan Indiya, sai fim ɗin Hausa na bidiyo mai suna Turmin Danya a 1990. Yara nawa ne a Kannywood suka san wannan?

Akwai makarantar fim a Jos, amma ta yi mana kaɗan. Don Allah jami'o'inmu na Arewa su faɗaɗa wannan darasi, a riƙa yin wani ɓangaren da Hausa.

Naku, mai karatu daga Kano.