A bar yara su shiga kurmi neman akwati

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili domin in yi magana da iyaye 'yan'uwana, musamman mu da zama ya kawo Ingila, kan wani wasa da wasu makarantun firamare ke kai yara su yi a kurmin da ke kusa da su. Turawa na kiransa letterboxing. Na lura akwai iyayenmu da ba sa sa hannu a takardar izini idan ta zo gida, suna ganin yawon banza ne cikin laka da sanyi. Ni kuwa karatu nake gani a ciki, karatu na gaske.

Ga yadda ake yi. Malami yakan sami ɗan akwatin roba da ruwa ba ya shiga, ya sa ƙaramin littafi da hatimin roba a ciki, ya ɓoye a gindin itace ko ƙarƙashin dutse. Sai ya rubuta kwatance: daga ƙofar shinge ka fuskanci arewa, ka yi taku 30, ka nemi itacen da ya rabu gida biyu, ka duba bayansa. Kowane yaro yana tafe da littafinsa da nasa hatimin da tawada. Idan suka gano akwatin, yaro zai buga hatimin akwatin a littafinsa, ya buga nasa a littafin akwatin, ya rubuta kwanan wata, sannan a rufe a mayar da komai yadda aka same shi. Ba alewa a ciki, ba kuɗi.

Abin ba na jiya ba ne. A 1854 wani mai yi wa baƙi jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, can tsakiyar tsandaurin Dartmoor da ke Devon, wuri mai wuyar zuwa saboda taɓo, domin duk wanda ya kai ya bar katinsa shaidar ya zo. Daga baya mutane suka riƙa barin kati mai ɗauke da adireshinsu, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Yau akwatunan da ke ɓoye a Dartmoor sun kai dubbai. Wasan ya bazu a Amurka ne bayan mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a 1998. Akwai ɗan'uwansa da ya fito a shekarar 2000, wanda ake bin na'urar GPS zuwa wurin ɓuyan, amma ni tsohon ya fi kwanta mini, saboda ba waya a hannun yaro. Takarda ce da kamfas da idonsa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda wasan ke tilasta wa yaro ya karanta da natsuwa. A aji yana iya tsallake kalma ya wuce, ba abin da zai faru. A kurmi idan kwatance ya ce hagu ya bi dama, ba zai ga komai ba sai ganye, dole ya dawo ya sake karanta layin a hankali. Ya ƙirga taku, ya gane cewa takun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne, su yi musu da abokansa har su daidaita. Ya san gabas da yamma da ƙafarsa, ba a allo kaɗai ba. Na ga yaran da ba sa buɗe baki a gaban malami sun zama su ne ke riƙe da takarda suna ba da umarni.

Sai kuma amana, wadda ita ce ginshiƙin wasan. Hatimin da ke cikin akwatin sau da yawa wani ne ya zauna ya sassaƙa shi da hannu daga robar goge rubutu, ya bar shi a daji ba mai gadi. Yaro ya riƙe shi, ya yi masa kyau, ba wanda ke kallonsa sosai, amma ya mayar, saboda akwai mai zuwa bayansa da bai taɓa gani ba. Wannan tarbiyyar muke ta faɗa a gida da baki.

Ban raina damuwar iyaye ba. Kurmin nan akwai kaska, kuma cizonta na iya jawo cutar Lyme, don haka a sa wa yaro dogon wando da takalmin ruwa, a duba jikinsa idan ya dawo. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ya gaya wa makaranta zai raka su, ai sukan nemi manya masu rakiya.

Ga malamanmu na gida kuma, ba na cewa a kai yara daji. Bayan satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, ba mai hankalin da zai ba da wannan shawarar. Amma makarantu da yawa suna da layin darbejiya da lambu da bayan azuzuwa a cikin katangarsu, kuma wannan ya isa. Robar man shafawa mai murfi, ragowar littafin rubutu da robar gogewa su ne kayan aikin gaba ɗaya. A koya wa yara su fara taɓa wurin da sanda kafin su zura hannu, saboda kunama. A rubuta kwatancen da Hausa ga 'yan ƙananan aji, da Turanci ga manya. Idan wani malami ya gwada, ina roƙon Edita ya ba shi fili ya gaya mana yadda ta kaya.

Wassalam.

Naku,
Wani uba mai karanta jaridarku, daga Devon, Ingila