A koya wa masu shirin tafiya Jamus harshen ofis tun daga Damagaram

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili domin jan hankalin matasan Damagaram masu shirin tafiya Jamus karatu ko aiki, da malaman da ke koya musu Jamusanci. Yawancin darasi yana tsayawa ne a gaisuwa da ciniki da tambayar hanya, alhali inda baƙo ke shan wuya a can shi ne gaban teburin ma'aikaci, lokacin da zai tambaya ko doka ta yarda ya yi wani abu.

Mai neman izini da dürfen yake tambaya: "Darf ich arbeiten?", wato an yarda in yi aiki? Tarkon yana cikin amsa. "Sie dürfen nicht" hani ne. "Sie müssen nicht" kuwa cewa ake ba dole ba ne, in ka ga dama ka yi. Ƴaƴanmu da suka yi lekol da Faransanci sun fi faɗawa nan, domin a kunnensu "vous ne devez pas" hani ne, sai su ɗora wannan ma'anar kan müssen. Daga nan wani ya bar abin da yake da damar yi, wani kuma ya ɗauki hani tamkar shawara. Ya kamata a tsaya kan waɗannan jimloli biyu tun matakin farko na koyo, A1, har su zauna.

Wanda ya kama ɗaki yana da mako biyu ya yi rajistar adireshi, Anmeldung, a Bürgeramt, ofishin rajistar mazauna gari. Zai je da fasfo da takardar da mai gida ke sa wa hannu, Wohnungsgeberbestätigung. Takardar haya kaɗai ba ta wadatarwa, kuma a kan haka ake mayar da mutane gida. Sai an yi wannan rajista lambar haraji ke zuwa ta gidan waya, don haka a rubuta suna a jikin akwatin wasiƙu, in ba haka ba wasiƙa ta koma. Kafin a tafi a tambaya: "Welche Unterlagen brauche ich?", waɗanne takardu zan kawo? Takardar haihuwa da aka karɓo daga ma'aikatar magajin gari da Faransanci take, kuma galibi za a nemi fassarar mai fassara da ya yi rantsuwa gaban kotu.

Batun izinin zama na Ausländerbehörde ne, wato ofishin kula da baƙi. A miƙa buƙatar sabuntawa kafin tsohon ya ƙare, a karɓi Fiktionsbescheinigung, shaidar cewa zamanka halal ne kafin a yanke hukunci. A karanta abin da aka rubuta game da aiki a kan katin izinin zaman ko ƙaramar takardar da ke tare da shi. Tun watan Maris na 2024 ɗalibi daga ƙasa irin tamu yana da cikakkun kwanaki 140 na aiki a shekara, ko rabin yini 280. Wuce haka ba tare da izini ba yana iya taɓa izinin zamansa.

Abin da ya fi damun mu shi ne wasiƙar hukuma da ake turawa ƙarƙashin katifa don an kasa karantawa. Idan an ga Bescheid a sama, hukunci ne. A nemi kalmar Frist, wa'adi, sannan a duba ƙarshen takardar inda aka faɗi yadda ake ƙalubalantar hukuncin. Sau da yawa wata guda ne, kuma idan ya wuce ƙofa ta rufe. Shi ya sa duk abin da ma'aikaci ya faɗa da baki a roƙe shi: "Können Sie mir das bitte schriftlich geben?", wato don Allah a ba ni wannan a rubuce. A can takarda ce shaida. Kuma da Sie, kalmar girmamawa, ake yi wa ma'aikaci magana ko da sa'an ƙanenka ne.

Har layya ta shiga ciki. Dokar kare dabbobi ta hana yanka ba tare da an sumar da dabba ba sai da izini na musamman, saboda haka ba a yanka rago a gida kamar yadda muke yi a Birni ko Zango. A je Veterinäramt, ofishin kula da lafiyar dabbobi, a tambaya ko ana buƙatar izini: "Brauche ich dafür eine Genehmigung?"

Roƙonmu ga malamai: ku sa teburi a aji, ɗalibi ɗaya ya zama ma'aikaci, ɗaya ya zo da takardunsa, a cike fom na gaske da biro, a karanta wasiƙar hukuma layi-layi a ja wa wa'adi layi a ƙasa.

Wassalam.
Wasu malaman harsuna, Damagaram