Wasiƙa: Kar a zubar da jirgi saboda guntun roba ɗaya

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da iyaye da matasan da suka fara harhaɗa ƙananan jiragen sama da tankokin yaƙi na roba, irin masu zuwa a kwali ka yanka ka manna da kanka, kamar na Airfix na Ingila ko Tamiya na Japan.

Yayana ne ya aiko wa ɗana Spitfire na Airfix, jirgin saman yaƙin duniya na biyu, sikelin 1/72, wato an rage girmansa sau 72, gaba ɗaya bai kai tsawon tafin hannuna ba, to ka ƙiyasta tayar bayansa, wallahi da kaɗan ta fi ƙwayar dawa. Yaron ya kama ta da hantsaki ya ɗan matsa, sai ji muka yi tas, ta yi tsalle. Muka ɗaga kujeru, muka kakkaɓe kafet, har maman sa ta tace shara da rariya, shiru. Ya zauna yana kuka yana cewa Baba a zubar kawai tunda ya lalace, abin ya taɓa ni sosai don kwana uku yana kan aikin nan kuma nan ba inda za ka je ka ce a sayar maka da taya ɗaya.

Ga abinda muka koya. A kashe fanka kafin a buɗe kwali. A yi aikin cikin faranti mai zurfi da farin ƙyalle a shimfiɗe, in za a yanko ƙaramin abu daga jikin firam, wato robar da guntayen ke zuwa manne a jikinta, a zura hannu cikin farar leda a yanka a ciki, ko ya yi tsalle yana nan. Hantsaki kuma shine babban mai laifi, yanzu tsinken sakace muke amfani dashi, mu ɗan liƙa salatif a bakinsa ya ɗauko abin a hankali. Da hunturu a duba hannun riga ma, robar na manne wa kaya saboda bushewar iska.

In kuma ya faɗi kar kowa ya motsa ƙafa, a kashe wuta a kwantar da tocila a ƙasa, komai ƙanƙantarsa sai ya yi doguwar inuwa. Da haka muka ga tayar tamu bayan kwana biyu a gindin ƙofa, Alhamdulillah. Eriyar jirgin da ta ɓace gaba ɗaya kuwa, ragowar firam na gasa a saman kyandir na ja shi ya yi siriri na yanko wata.

Masu yara masu rarrafe dan Allah ku fi kowa kula, abin da ya ɓace maka su suke fara tsinta kuma baki suke kaiwa.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar nan.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna