Wasiƙa zuwa ga Lawal a Fatakwal

Assalamu alaikum Lawal,

Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Tun Sallar layya ban ji ɗuriyarka ba, har Inna ta fara cigiya. Wai da gaske ka sayi mota? Habu ne ya faɗa a majalisa, kowa ya ce sai ya gani da idonsa, tunda ba a manta yadda ka yi da keken Baffa a Ƙofar Soro ba.

Maganar Ɗanjuma ce ta zaunar da ni rubutu. Bayan ni da matarsa kai kaɗai ka san halin da yake ciki. Shekara 6 ke nan yana shan maganin ƙanjamau bai taɓa fashi ba, ƙwayar ta kwanta har awo ba ya ganinta. To watan jiya aka ɗebi jininsa, aka ce akwai ciwon hanta nau'in C. Da ya fito sai ya ninke takardar gida huɗu, hannunsa na rawa, ya ce mani, "Yaya, biyu kuma?" Wallahi daren nan ban runtsa ba.

Likitar, Allah ya saka mata, ta zaunar da mu. Gwajin farko yana nuna jiki ya taɓa gamuwa da ƙwayar ne kawai, don kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa. Aka yi na biyu, mai tsadar, ya nuna tana nan. Abin da ya fi tayar mani da hankali, ciwon ba ya ihu. Sai ya shekara 20 yana cin hanta ba ciwon shawara ba komai, kuma idan ya haɗu da ƙanjamau ya fi saurin taurara ta. Mutum kusan miliyan 2.3 a duniya ke ɗauke da alamar cututtukan biyu tare. Ga shi a binciken ƙasa na 2018 Katsina na cikin jihohi mafi ƙarancin ƙanjamau, 0.3 cikin ɗari, shi ya sa mutanenmu ke ganin abin na wasu ne can.

Ƙwayar ciwon hantar har dangi gare ta, Lawal! Manyan jinsuna 6. Na 1 da na 2 su suka fi yawa a Afirka ta Yamma, na 4 kuma shi ya addabi Masar. Da can sai an san jinsin kafin a fara allurai na wata da watanni. Yanzu magungunan sofosbuvir da daclatasvir suna kama kowanne, a sha kullum mako 12, sama da 95 cikin ɗari suna warkewa sarai. Da ta faɗi haka Ɗanjuma ya ce ta maimaita. Sai dai na ƙanjamau kyauta ne, wannan kuwa sai an saya. Mun sayar da ragunan nan biyu, ya fara sha ranar Litinin.

Af, Hajara ta haihu, namiji, an sa masa sunan Baffa. Suna ya yi jama'a, masa ta ƙare tun kafin azahar.

Yanzu kai. Likitar ta tambaye shi ƙarin jini, allurar kemis, askin wanzami, ƙaho. Da ta ce ƙaho sai ka faɗo mani a rai, ranar kasuwar Mashi da muka jeru mu uku a tabarma ɗaya, aska ɗaya ta bi bayanmu. Ta jini ake ɗauka, kuma babu rigakafinsa kamar na nau'in B. Ni na je an gwada ni, lafiya lau. Don Allah ka je a makon nan, tsinin yatsa ne kawai, ka kira ni da sakamakon. Kada ka ce sai ka samu lokaci, na san ka.

Ka kira Ɗanjuma ma, amma ka fara da hirar ƙwallo. Ka gaida Maman Abba.

Naka,
Sani