Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni ko har da mu ake sayarwa idan an sayar da manhaja

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.

Kin bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni ana dab da rufewa. Kika ce atamfa da leshi kike sayarwa a Babbar Kasuwar Katsina, kuma rabin cinikinki a WhatsApp yake. Kin ji ina yabon wata manhaja mai suna Beeper, sai kuma kika ji na ce wani kamfani ya saye ta. Shi ne kika ce, to idan duk wadda ta yi kyau sai manya sun haɗiye ta, ashe har da mu masu amfani da ita ake sayarwa? Lokacin labarai ya katse mu, ga amsar a tsanake.

E, Hajiya, galibi da mu ake sayarwa. A watan Fabrairun 2014 Facebook ya sayi WhatsApp a kan kusan dala biliyan 19, alhali ma'aikatan kamfanin ba su kai sittin ba. Abin da ya ja wannan kuɗi shi ne mutum miliyan 450 da ke ciki, kowa da dangi da abokan hulɗar da suka ɗaure shi a wurin. Masu manhajar, Jan Koum da Brian Acton, sun daɗe suna cewa ba ruwansu da talla. A 2016 aka soma miƙa lambobin wayar mutane ga Facebook, har Tarayyar Turai ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 110 a 2017 saboda bayanin da ya ba ta lokacin cinikin bai zama gaskiya ba. Acton ya bar kamfanin a 2017, ya zuba dala miliyan 50 a gidauniyar Signal, wata manhajar aika saƙo. Koum ya bi bayansa a 2018. A 2025 kuma aka sanar da shigo da talla wajen sitatus. Duk wannan ya faru, amma ko ke ko ni ba wanda ya tafi, don babu inda za mu je mu tarar da mutanenmu.

Beeper kuwa labarinta ya ɗan bambanta, shi ya sa na kawo ta. Eric Migicovsky ne jagoranta lokacin da aka sayar da ita, mutumin da ya yi agogon Pebble. Aikinta ta tattara miki saƙonnin WhatsApp da Telegram da Signal da Instagram da Messenger a akwati ɗaya. A watan Afrilun 2024 kamfanin Automattic, masu WordPress.com da Tumblr, ya saye ta, rahotanni suka ce a kan dala miliyan 125, bayan ya sayi makamanciyarta Texts a 2023 a kan miliyan 50. Bambancin yana ƙarƙashin ƙasa: an gina Beeper a kan Matrix, wata buɗaɗɗiyar ƙa'idar aika saƙo da aka fara a 2014. An rubuta yadda take aiki an baje wa duniya, duk mai iyawa zai kafa tasa saba (kwamfutar da saƙonni ke bi ta cikinta), ya rubuta tasa manhajar, kuma mutanensa su yi magana da na sauran. Automattic ya sayi Beeper, amma Matrix ba ta cikin kayan da aka miƙa masa.

Ke ma kina cin moriyar irin wannan tsari kullum. Layinki na MTN ne, yaron shagonki Airtel yake riƙe da shi, dillalinki na Kantin Kwari yana kan Glo, mai sarar kayanki a Maraɗi lambar Nijar gare shi. Kina kiran kowa ba tare da kin tambayi layinsa ba, domin kamfanonin suna bin ƙa'ida ɗaya, kuma hukumar NCC ta wajabta musu haɗa layukansu. Tun 2013 ma kina iya ɗaukar lambarki ki koma wani kamfani idan wannan ya ishe ki. A ce MTN ya hana ki kiran kowa sai mai MTN, da tuni an yi ca a kansa. To haka WhatsApp yake, mai shi ba ya aika wa mai Telegram ko "ina kwana", mun saba ne kawai har muka daina ganin abin a matsayin ƙwace.

Sai dai kada in yi miki daɗin baki. Buɗaɗɗiyar ƙa'ida ba sabon abu ba ce, kuma ta sha kaye. Tun 1999 akwai Jabber, wadda aka koma kira XMPP. Google Talk, dandalin hirar Google, a kanta ya tashi a 2005, ana iya magana da shi daga wasu sabobin, sai da jama'a suka taru Google ya koma Hangouts a 2013 ya ja ƙofa. Facebook ma ya taɓa buɗe hirarsa ta wannan hanya, ya rufe a 2015. Abin takaicin, WhatsApp ɗin kansa daga XMPP aka sassaƙo shi kafin a kewaye shi da katanga.

Ita ma Beeper, duk inda ta shiga gidan da ba na Matrix ba, ta kan gadar da ta haɗa da kanta take bi, mai gidan kuma yana iya karya gadar ranar da ya ga dama. An gani a Disambar 2023, lokacin da suka fito da Beeper Mini don mai Android ya riƙa aika iMessage, wato saƙon kamfanin Apple, ga masu iPhone. Cikin 'yan kwanaki Apple ya toshe. Suka gyara, ya sake toshewa, kafin watan ya ƙare suka haƙura. Don haka ba zan ce ki ɗora kasuwancinki a kanta ba, ballantana wayoyin da yawancin 'yan kasuwarmu ke riƙewa da ƙyar suke ɗaukar manhajojin da ke cikinsu. Kuma babu ƙa'idar da ke aiki idan an kashe sabis gaba ɗaya, mutanen Jibiya da Batsari da Funtuwa sun san wannan tun 2021.

Shawarata ki ci gaba da WhatsApp ɗinki, nan kwastomominki suke. Amma abin da yake naki ki fitar da shi daga ciki. Lambobin masu saye su kasance a littafi ko a ajiyar wayar, kowacce da suna da gari. Wadda ta ɗauki turmi uku ta biya biyu, kada shaidarki ta zama saƙon muryar da ta turo da daddare kaɗai, ki rubuta a littafin bashi da kwanan wata. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya, kuma ko ba haka ba, kin san waɗanda suka wayi gari suka ga an rufe musu lamba ba tare da wanda za su kai wa ƙara ba.

Maganin gaske a hannun hukuma yake. Gwamnatin Faransa ta gina wa ma'aikatanta manhajar Tchap a kan Matrix, rundunar sojan Jamus ma ta yi tata, don kada sirrinsu ya dogara da wanda zai sayi wane gobe. Tarayyar Turai ta yi dokar da tun Maris 2024 ta tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajoji, amma ga mazauna Turai kawai. Mu a nan, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Na yaba, amma tara kuɗi ce da za a biya a wuce wurin. Da za a tambaye ni, cewa zan yi a nemi abin da Turai ta nema: mai WhatsApp a Katsina ya iya aika saƙo ga mai wata manhajar, ko da wani yaro ne ya rubuta ta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ku 'yan kasuwa kuna da ƙungiya, kuna da bakin da 'yan majalisa ke saurare fiye da nawa. Idan shugabanninku za su rubuta takarda a kan wannan, zan zo in zauna da su mu tsara ta, ba sai an biya ni ba.

Allah ya ba da kasuwa, a gaida mutanen gida.

Ɗanki, daga Ƙofar Ƙaura.